Koyon Turanci ta intanet: Abin da ya kamata ɗalibin jami'a daga Illela da kewaye ya sani

Ɗalibin da ya tashi a Illela ya samu gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato yakan shiga aji da Hausa cikakkiya, sau da yawa da Larabcin makarantar allo ko Islamiyya, wani lokaci ma da ɗan Faransancin da ya tsinta wajen 'yan uwa na Birnin Ƙonni. Amma lacca da littattafai da jarrabawa, in ban da a sassan harsuna kamar Hausa da Larabci da Faransanci, duk da Turanci ake yin su. Wanda Turancinsa ya yi rauni yakan san amsa a ka, ya kasa zuba ta a takarda yadda malami zai ba shi maki. Daga nan ake samun maimaita kwas, da ƙarin shekara, da ƙarin kuɗin da iyaye ba su shirya wa ba.

A yau akwai shafuka da manhajoji masu yawa da ɗalibi zai iya gyara Turancinsa da su shi kaɗai, da wayar da ke aljihunsa. Wasu kyauta ne, wasu na kuɗi, wasu kuma tarkon 'yan damfara ne. Wannan bayani ya rarrabe su bisa aikin da kowanne ke yi, da abin da yake ci na data, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Inda Turanci ke tare hanya

Tun kafin shiga jami'a, sai ɗalibi ya samu kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO ko makamanciyarsu. A jarrabawar UTME ta Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, Turanci ne darasin da ya wajaba a kan kowa, kuma shi ne ya fi yawan tambayoyi: 60 daga cikin 180, alhali sauran darussa uku suna da 40 kowanne. Tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar gaba ɗaya, don haka ana bukatar saurin karatu a kan allo.

Bayan an shiga jami'a, sabuwar manhajar karatu ta CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disamban 2022 ta ajiye kwas ɗin GST 111 na sadarwa da Turanci a shekarar farko ga kowane ɗalibi. Kwas ne na zango guda, cikin ɗaki mai cike da ɗaruruwan mutane, inda da wuya malami ya duba rubutun kowa ɗaya bayan ɗaya. Ba zai cike giɓin shekara goma sha biyu na firamare da sakandare ba, kuma ba don haka aka tsara shi ba.

A ƙarshen karatu akwai kundin bincike da za a rubuta a kuma kare a gaban malamai. Bayan digiri akwai jarrabawar ɗaukar aiki a hukumomi irin su Kwastam da Shige da Fice, waɗanda mutumin Illela ke ganin jami'ansu kullum a bakin iyaka, kuma da Turanci ake yin ta. Ɗan kasuwar da zai fitar da kaya ta hanyar hukuma ma takardunsa, irin su fom ɗin NXP, da Turanci suke.

Garin da ke tsakanin harsuna

Illela tana da nisan kimanin kilomita 85 arewa da Sakkwato, ta hanyar da ta ratsa Kware da Gwadabawa, kuma tsakaninta da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar 'yan kilomitoci ne. Da Hausa ake ciniki a kasuwar dabbobinta da ta hatsi, da ita ake gaisawa a ɓangarorin biyu na iyaka. Matashi zai iya kwana bakwai bai bukaci furta jimla ɗaya ta Turanci ba. Wannan ƙarancin amfani da harshen a waje da aji shi ne tushen matsalar, domin harshe da yawan ji da yawan furtawa yake zama a baki.

Ɗalibai sukan kuma daɗe a gida ba da son ransu ba. Yajin aikin ƙungiyar ASUU na 2020 ya kai wata tara, na 2022 kuma ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Turancin da aka fara sabawa da shi a makaranta yakan dushe a irin wannan zama, sai fa ga wanda ke da tsarin karatun kansa.

A ƙetaren iyaka ma lissafin ya sauya. Kundin sake fasalin ƙasa da gwamnatin Nijar ta fitar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Turanci tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ɗaliban Ƙonni da Tawa da Maraɗi da ke neman karatu a jami'o'in Najeriya su ma suna cikin masu wannan bukata.

Matakin farko: auna kai

Yawancin shafukan koyon Turanci suna jera darussansu bisa ma'aunin CEFR, wanda Majalisar Turai ta wallafa a 2001. Matakansa shida ne: A1 da A2 na mafari, B1 da B2 na tsakiya, C1 da C2 na ƙwararru. Wanda ke A2 yana iya gajeriyar hira kan al'amuran yau da kullum. Wanda ke B2 yana iya bin lacca, ya karanta babi a littafin fanninsa, ya rubuta bayani mai hujja. Jami'o'i da yawa a Turai B2 suke gindaya wa mai neman digirin farko da Turanci, kuma shi ne burin da ya dace ɗalibin shekarar farko ya sa a gaba.

Ana iya auna kai kyauta. Shafin Cambridge English yana da gwaji na tambayoyi 25 da ake gamawa cikin 'yan mintoci. Gwajin EF SET ya fi zurfi, yana ɗaukar minti 50, yana auna karatu da sauraro. Amfanin gwajin shi ne ya hana ɗalibi ɓata lokaci a darasin da ya fi ƙarfinsa ko wanda ya riga ya wuce. Yana da kyau a rubuta sakamakon da kwanan wata, a sake gwadawa bayan wata uku.

Sauraro da lafazi

Bahaushe ma'abocin rediyo ne tun zamanin da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, kuma wannan ɗabi'a jari ce. Sashen BBC Learning English, wanda asalinsa darussan Turanci ne ta rediyo da aka fara a 1943, yana fitar da shirin 6 Minute English duk mako. Mutum biyu ne ke tattauna batu guda na minti shida, suna bayyana sababbin kalmomi, kuma ana samun rubutun hirar baki ɗaya a shafin. Hanyar da ta fi amfani ita ce a saurara sau ɗaya ba tare da duba rubutu ba, a sake saurara ana bin rubutun da ido, sannan a karo na uku a riƙa maimaita jimlolin da murya a bayan mai magana.

Ga wanda saurin BBC ya yi wa yawa, akwai darussan VOA Learning English na Muryar Amurka, waɗanda aka faro a 1959 da Turanci mai sauƙi: kalmomi kimanin 1,500, gajerun jimloli, da karatu a hankali. Ayyukan gidan rediyon sun shiga tangarɗa tun Maris 2025 sakamakon matakin gwamnatin Amurka na rage hukumar da ke kula da shi, saboda haka duk darasin da aka samu a shafin gara a sauke shi a ajiye. Shafin LearnEnglish na British Council kuma ya jera darussan sauraro da karatu da nahawu daga A1 zuwa C1, kowanne da atisayen da ke nuna amsa nan take.

A fannin lafazi, wuraren da mai Hausa ke tuntuɓe sanannu ne. Hausa ba ta bambanta sautin "p" da "f", shi ya sa "pan" da "fan", ko "pull" da "full", suke fitowa iri ɗaya. A karin harshen Sakkwato abin ya ƙara faɗi, domin inda Bakano ke cewa fara da fita, Basakkwace yakan ce hwara da hita, wato shi kansa sautin "f" na Turanci, wanda ake yi da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, sabon abu ne a bakinsa. Haka "v" kan koma "b", sai "vote" ta yi kama da "boat", sautin "th" kuma ya koma "s" ko "z", sai "think" ta zama "sink". Hausa ba ta son baƙaƙe su taru ba wasali a tsakani, kamar yadda ake gani a kalmomin aro irin su burodi da tebur, don haka harshe yakan cusa wasali a cikin "street" ko "school". Wasulan Hausa biyar ne, masu gajarta da tsawo, sai tagwaye biyu, yayin da Turancin Birtaniya ke da sautukan wasali kimanin 20.

Maganin wannan shi ne atisayen kalmomi biyu-biyu masu bambancin sauti guda. Ƙamusoshin Oxford Learner's Dictionaries da Cambridge Dictionary na intanet suna da maɓallin da ke furta kowace kalma da lafazin Birtaniya da na Amurka. Ɗalibi ya saurara, ya naɗi muryarsa a waya, ya kwatanta. Manufar ita ce a fahimce shi ba tare da an ce ya maimaita ba. Kwaikwayon muryar Bature ba dole ba ne, Turancin Najeriya yana da matsayinsa, har babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga cikinsa a Janairun 2020, ciki har da Kannywood.

Tara kalmomi

Masanin harshe Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand ya ƙiyasta a 2006 cewa mai karatu yana bukatar zuriyar kalmomi 8,000 zuwa 9,000 kafin ya karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da taimako ba. Adadi ne mai yawa, amma kalmomin ba darajarsu ɗaya ba. Jerin Oxford 3000 ya tattara waɗanda suka fi muhimmanci ga mai koyo, kuma yana shafin ƙamus ɗin kyauta.

Ga ɗalibin jami'a akwai jeri na musamman, Academic Word List, wanda Averil Coxhead ta wallafa a 2000. Ya ƙunshi zuriyar kalmomi 570 da ke yawan fitowa a rubutun ilimi ko da wane fanni ne, irin su "analyse" da "concept" da "significant", kuma su kaɗai sun kai kimanin kashi 10 cikin 100 na kalmomin irin wannan rubutu. An raba su rukuni goma. Wanda ya riƙe kalma biyar a rana zai gama jerin cikin wata huɗu, zai kuma ga bambanci hatta wajen gane abin da tambayar jarrabawa ke nema.

Wahalar tana wajen riƙewa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a sa'o'i da kwanakin farko, kuma bita a kan tazara tana rage ta. A kan wannan aka gina manhajar Anki, wadda sigarta ta Android mai suna AnkiDroid kyauta ce kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Ɗalibi yana rubuta kalma a fuskar kati, ma'anarta da misalin jimla a baya, manhajar kuma ta riƙa dawo masa da katin da ya manta kusa-kusa, wanda ya riƙe kuma ta jinkirta shi. Duk wanda ya yi tilawa a makarantar allo ya san wannan hikima: sabon karatu kullum, bitar tsohon a kan lokaci.

Ƙamusoshin Hausa da Turanci suna da nasu gurbin, musamman a farko. Akwai na G. P. Bargery na 1934 wanda ake iya bincikawa a intanet, da na Neil Skinner, da wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka wallafa a maɗaba'ar Jami'ar Bayero a 2020. Sai dai da zarar an kai B1, ya fi kyau a koma ƙamus na Turanci zalla, domin shi ke nuna kalmomin da ke tafiya tare da kuma harafin da ke bin kowane aikatau.

Karatu mai yawa

Babu manhajar da ke maye gurbin karatu. Ƙa'idar da malaman harshe ke bayarwa ita ce a zaɓi rubutun da ake gane kusan dukkan kalmominsa, a karanta da yawa, a bar tsayawa a kowane layi don duba ƙamus. Idan kalmomin da ba a sani ba sun wuce biyu ko uku a cikin ɗari, rubutun ya yi nauyi, a nemi wanda ya fi shi sauƙi.

Jaridun Najeriya na Turanci wuri ne mai kyau na farawa, domin mai karatu ya riga ya ji labarin da Hausa a rediyo, ma'ana tana hannunsa, kalmomin kawai yake tsinta. Wikipedia tana da sashe na Turanci mai sauƙi, Simple English, kuma manhajar Kiwix tana ba da damar sauke ta a waya a karanta ba tare da sabis ba. Shafin Project Gutenberg, wanda aka faro a 1971, yana da dubban tsofaffin littattafai kyauta, sai dai Turancin wasunsu ya tsufa, bai dace a kwaikwaye shi a rubutun yau ba.

Akwai kuma taskar da ɗalibai da yawa ba su waiwaya ba. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda aka kafa a 1983 aka kuma farfaɗo da ita a 2002, ta sanya littattafan kwasa-kwasanta a shafinta, ana sauke su kyauta. An rubuta su ne don wanda ke karatu shi kaɗai, da bayani daki-daki da tambayoyin auna kai a ƙarshen kowane kashi, kuma misalansu na Najeriya ne. Littattafanta na kwasa-kwasan Turanci na shekarar farko suna da amfani ga ɗalibin kowace jami'a.

Rubutu

A nan ne maki ke zubewa. Kura-kuran da suka fi yawa daga tsarin Hausa suke tasowa: kiran abu marar rai da "he" ko "she" saboda Hausa tana ba kowane suna jinsi, barin "a" da "the" ko sanya su inda ba su dace ba, ruɗewa tsakanin lokutan aikatau, da jera dogayen jimloli da waƙafi ba aya. Akwai kuma fassara kai tsaye, kamar mai fita ya ce "I am coming" yana nufin ina zuwa, abin da ɗan Najeriya zai gane amma baƙo ya ruɗe.

Shafin Write & Improve na Cambridge kyauta ne. Yana ba da batu, ɗalibi ya rubuta, cikin daƙiƙoƙi ya nuna masa matakin CEFR da rubutun ya kai, ya kuma yi alama a wuraren da ke da matsala, ya bar masa gyaran. Wannan ne ya sa ya fi koyarwa a kan manhajojin da ke gyarawa da kansu, irin su Grammarly, waɗanda ke tsabtace takarda amma mai ita ya tashi bai san dalilin gyaran ba, sai idan ya tsaya ya karanta bayanin.

Ga mai rubuta kundin bincike, Academic Phrasebank na Jami'ar Manchester ya tattara salon jimlolin da ake gabatar da batu da su, da nuna saɓanin masana, da bayyana sakamako, da rufewa. Shafin Purdue OWL na Jami'ar Purdue a Amurka kuma yana bayanin yadda ake ambaton madogara a tsarin APA da MLA. Ya kamata a fara tambayar sashe tsarin da yake bi.

Duolingo da Google Translate

Duolingo, wadda aka buɗe wa jama'a a 2012, ta yi suna saboda darussanta gajeru ne kamar wasa, suna kuma sa mutum dawowa kullum. Ba ta da kwas na Turanci ta hanyar Hausa, amma tana da shi ta hanyar Faransanci da Larabci, abin da zai yi wa ɗalibin Ƙonni ko wanda ya fito daga makarantar Larabci daɗi. Ta fi amfani ga mafari. Ba ta koyar da rubuta shafi biyar na hujja, don haka ɗalibin jami'a kada ya ɗauke ta a matsayin babban makaminsa.

Google Translate ta sanya Hausa a Disamban 2013, kuma tun 2023 ana iya sauke Hausar a yi fassara ba tare da intanet ba. Tana taimakawa wajen gane ma'anar sakin layi mai wuya. Tana tuntuɓe a karin magana da kalmomin fannoni da karin harshen Sakkwato. Wanda ya rubuta aikin aji da Hausa ya ba ta ta juya masa bai ƙaru da komai ba, kuma ranar jarrabawa babu waya a zaure.

Ƙirƙirarriyar basira

Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, ɗalibai sun samu abokin hira da ba ya gajiya. Akwai shaida daga cikin gida kan amfaninsa. A tsakiyar 2024, Bankin Duniya da gwamnatin Jihar Edo sun yi gwaji na mako shida a Benin, inda ɗaliban babbar sakandare kimanin 800 suka shiga binciken. Waɗanda aka zaɓa sun riƙa koyon Turanci bayan tashi daga makaranta da Microsoft Copilot. Sun fi takwarorinsu a gwajin ƙarshe, kuma masu binciken sun kwatanta ci gaban da na shekara ɗaya da rabi zuwa biyu na karatun da aka saba. Sai dai 'yan sakandare ne, suna aiki bibbiyu, da malami a kansu yana jagorantar tambayoyin. Ba a gwada wanda ke zaune shi kaɗai a ɗaki ba.

Darasin da ke ciki shi ne yadda ake tambaya. Ɗalibi ya rubuta sakin layinsa da kansa, ya nemi a nuna masa kura-kurai uku mafi girma da dalilinsu, ya gyara da hannunsa. Yana iya neman a yi masa tambayoyi a kan babin da ya karanta, ko a yi hira da shi kamar a zauren neman aiki. Abin da ke halaka ɗalibi shi ne miƙa aikin da manhaja ta rubuta da sunansa. Wannan satar fasaha ce da jami'o'i ke hukuntawa, kuma waɗannan manhajoji sukan ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su, su kawo su da cikakken ƙarfin gwiwa.

Kwasa-kwasai da takardun shaida

Coursera da edX da FutureLearn suna ɗauke da kwasa-kwasan Turancin ilimi daga jami'o'in duniya. Akan samu wani ɓangare kyauta, takardar shaida kuma da kuɗi, kodayake Coursera tana karɓar takardar neman tallafi. Babban cikas shi ne ƙarasawa. Binciken da Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka wallafa a mujallar Science a 2019 kan kwasa-kwasan Harvard da MIT a edX ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kashi 3 cikin 100 da ɗan ɗoriya ne kawai na waɗanda suka shiga suka kammala. Kwas guda da aka gama ya fi goma da aka yi wa rajista.

Takardun waɗannan shafuka ba sa maye gurbin kiredit na WAEC ko NECO. Mai neman karatu a waje kuma IELTS ko TOEFL ake yawan nema, wasu jami'o'in suna karɓar Duolingo English Test, kuma sakamakon kowanne yakan yi aiki na shekara biyu. Duk wanda ya yi tallar takardar IELTS ba tare da zama jarrabawa ba, ko ya ce zai ƙara makin JAMB a biya shi, ɗan damfara ne. Haka ma a guji sauke manhaja daga saƙon da aka turo a WhatsApp, ko wadda ke neman lambar BVN ko lambar sirrin katin banki kafin ta buɗe darasi.

Data, wuta da sabis

A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Lissafin data ya zama wajibi. Rubutu shi ne mafi arha, murya na biye, bidiyo ne ke cinye kati. Shirin murya na minti shida 'yan megabayit ne, alhali awa guda ta bidiyo mai kyawun hoto tana iya cin ɗaruruwa. Ɗalibi ya rage ƙarfin hoton bidiyo, ya kashe kunna kai na shafukan sada zumunta, ya yi saukar mako guda a lokaci ɗaya da garaɓasar dare ko intanet na makaranta.

Ajiye darussa a waya ya fi zama dole a wannan yanki. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, a Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki. Katin ajiya a waya da ƙaramin farantin sola suna raba ɗalibi da irin wannan tsaiko. A bakin iyaka kuma waya takan kama sabis na Nijar, saboda haka a kashe amfani da data a ƙasar waje don kada kuɗi su zurare ba a sani ba.

Tsarin da za a iya riƙewa

Minti 45 a rana sun isa idan an dawwama: 15 na sauraro da maimaitawa bayan sallar Asuba, 10 na bitar kalmomi, 20 na karatu da dare. A ƙara rubutu biyu a mako na kalmomi 150 zuwa 200, a gyara kowanne sau biyu. A ware littafi guda na kura-kurai, inda za a rubuta jimlar da aka yi kuskure da gyararriyarta, domin kuskuren mutum yakan zama iri ɗaya ne yake ta dawowa.

Magana ita ce abin da waya ba ta wadatar da shi. Abokai uku ko huɗu za su iya ware awa guda a mako da ba a yin Hausa a cikinta, kowa ya taƙaita labarin da ya karanta, da sharaɗin ba a yi wa kowa dariya. Kunyar kuskure ta hana mutane da yawa buɗe baki, alhali mai koyo ba ya rasa tuntuɓe. Ɗalibai mata, waɗanda zuwa darasin yamma a waje kan yi wa wuya, suna iya yin haka da saƙon murya a tsakaninsu.

Iyaye ma suna da rawa ko da ba su jin Turanci. Uban da ke sayen data yana da haƙƙin ya tambayi sakamakon gwajin wata uku, ya ga littafin kura-kurai, ya sa a karanta masa takardar banki ko ta kwastam a fassara masa. Ƙarfafa Turanci kuma ba ya bukatar a yi sakaci da Hausa ko Larabci. A gari irin Illela, matashin da ke rubuta Turanci mai tsabta, yana ciniki da Hausa, yana kuma gane Faransancin takardun Ƙonni, shi ne wanda banki da hukuma da fatake za su riƙa nema.